Gaton da Ba Ya Kwana

Tun da na dawo daga Maraɗi ba ku bar ni na huta ba. A Islamiyya tambaya, a gidan suna tambaya, har Hajiya Turai da ba ta fita ta bugo mini waya wai in ba ta labarin ƙasar waje. Ƙasar wajen da ko nisan Kano ba ta kai ba. Na kuma san abin da ya fi ci muku rai shi ne tsaraba, don na ga yadda kuke leƙen hannuna. To ga labarin nan na rubuta a zaurenmu na waya, kowa ta karanta da kanta, in huta da maimaici.

Ga waɗanda suka shigo zauren kwanan nan, ni ce mai alkakin bayan masallaci. Fiye da shekara talatin ina wannan sana'a a Katsina, alkaki da nakiya da dubulan. Na gaje ta wurin mahaifiyata, ita ma ta gada wurin tata. Yanzu yatsuna sun fara ƙi. Da safe sai na tsoma su a ruwan ɗumi kafin su yarda su nannaɗe ƙullu.

Wadda na je gani babbar 'yata ce, 'yar fari. Kun san mu da 'yar fari. Ba na kiran sunanta, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ana yaye ta ƙanwata Ladi ta tafi da ita riƙo. Shi ya sa nake ce mata 'Yar Ladi, ita kuma take ce mini Yaya kamar yadda ta ji Ladi na faɗi. In ina da magana da ita Ladi nake gaya wa, ko da yarinyar na zaune a gefena. Amma hannuna ta ɗauko sak. Tana da shekara goma sha biyu ta nannaɗe alkakin da na kasa bambanta shi da nawa. Na ɗaga na duba, na jera shi a tire, ban ce komai ba.

Aure ya kai ta Maraɗi, can kuma ta shiga aiki a shagon kayan zaƙi irin na Faransawa, wanda suke kira fatisari. Mai shagon ta tsufa, ƙarshen wata za ta koma ƙasarsu, tana son ta bar mata ragamar wurin. Mijin yarinyar ya amince. Ita ce ta kafe cewa ba za ta karɓa ba sai Yaya ta zo ta ɗanɗana aikinta ta sa albarka. Ni kuwa abin da ke raina daban ne. In ta karɓa, alkakin gidanmu ya ƙare a kaina ke nan, don sauran 'ya'yana maza ne in ban da autar, ita kuma ko ƙaurin mai ba ta iya shaƙa. Tun a gida na shirya saƙon da zan ba Ladi ta isar: ta bar kek ɗin Nasara da suke kira gato, ta kafa kaskon alkaki a gidanta. Da wannan niyya na hau mota.

Mun bar Katsina da hantsi, ni da Ladi da kwallar alkaki ɗaya da na soya musamman. Ƙarshen damina ne, gero ya fi mutum tsawo dama da hagu. Direbanmu ɗan Maraɗi ne mai haƙorin Makka, kuma bakinsa bai rufu ba tun daga tasha. Kafin mu kai Daddara Ladi ta san sunan matarsa da ciwon da ke damun mahaifinsa, har ta ba shi sunan magani. Shingayen jami'an tsaro ban ƙirga su ba, mota dai ba ta gama ɗaukar gudu sai ta rage. Wannan tafiya da tsayawa ita ta yi mini rarrashi, gyangyaɗi ya ɗauke ni. Na ga mahaifiyata a tsakar gidanmu na dā tana tsamo alkaki daga zuma, zumar na zuba a hankali ba ta yankewa. Ina jira ta ɗago ta dube ni sai direba ya ce mun iso Magama, kowa ya sauko.

Bodar Jibiya gari guda ce mai zaman kanta. Ga manyan motoci sun yi layi, ga 'yan dako, ga masu canjin kuɗi a ƙarƙashin lema, ga masu babur da can suke kira kabu-kabu. Hausa kowa ke yi, amma kunnena ya fara jin ta tana sauyawa, tafi ta koma tahi, me ta koma mi. Aka ce mu fito da katin shaida da na rigakafi. Na miƙa nawa. Ladi ta zazzage jaka, ta kwance bakin zane, ta laluba aljihun hijabi, sannan ta dafe ƙirji ta tuna. Wai don kada katin ya ɓata, a ƙasan kwallar alkaki ta sa shi kafin in jera.

Haka muka durƙusa a gaban ofis muna kwashe alkaki ɗaya-ɗaya muna ɗorawa a murfi, mutane sun kewaye mu suna ba da shawara. Katin ya fito yana ɗigar zuma. Jami'in ɓangarenmu ya duba shi daga nesa ya ce mu wuce. Da muka kai ɓangaren Nijar, jandarman da ya karɓa ya riƙe shi da yatsu biyu ya ce, "Hajiya, wanga kati cikin amya kinka aje shi?" Ladi ta ce ai katin mutumin kirki dole ya yi zaƙi. Kafin mu bar wurin kashi ɗaya cikin uku na alkakina ya tafi a kyauta, kuma Ladi ce ke rabon kamar ita ta soya.

Mun shiga Maraɗi bayan azahar muka tarar da gari shiru. Na ɗauka wani abu ya faru, ashe hutun rana suke yi, ofis da shago duk a rufe sai la'asar. Mu da muke sayar da abu ko a kan sallaya muke, wannan ya ba ni mamaki. Abu na biyu shi ne burodinsu. Dogo ne kamar muciya, ba leda ba takarda, mutum ya sa shi a hammata ya hau babur abinsa. Na ce wa Ladi ko da kuɗi aka haɗa ni da shi ba zan ci ba. Washegari ni na cinye rabin guda da shayi.

Gidan 'Yar Ladi ɗaki biyu ne da baranda, da bishiyar lemun tsami a tsakar gida. Ta fito da gudu ta faɗa jikin Ladi, sannan ta zo ta durƙusa a gabana ta gaishe ni. Na amsa ina kallon bishiyar. Ta ƙara jiki, ta yi haske, amma wannan a gefen ido na gani. Suka bar mana ɗakinsu, mijinta Malam Isuhu ya koma baranda, shi ma kunyata yake ji ni ma tasa nake ji, har na dawo ban san kalar idonsa ba. Aka kawo dambun zogale da ƙuli, da kilishin da ya fi namu taushi. Na ci na ƙoshi na ce Ladi ta yi musu godiya.

Da safe muka tafi shagon. Ana tura ƙofar gilashi sanyi ya tarbe ni, da ƙamshin man shanu da wani abu mai laushi da suka ce sunansa fanila. Hayaniyar titi ta yanke kamar an rufe tukunya. Doguwar akwatin gilashi ce daga bango zuwa bango, da fitilu a cikinta, an jera abubuwa ƙanana kala-kala, kowanne a kan 'yar takardarsa, ba mai taɓa ɗan'uwansa. Na daɗe a tsaye ina kallo. Ni da na saba cusa alkaki ɗari a kwalla ɗaya, sai na ji kamar na shigo ɗakin da ake kwantar da jarirai, har na rage muryata ba tare da an ce in rage ba.

A wurinmu kayan zaƙi na biki ne. Sai an yi gara, ko suna, ko Salla, kuma babba a bayan labule yake cin nasa. Can kuwa ranar Talata ce, ba auren kowa ba sunan kowa, ga wani dattijo da babbar riga da hula ya zauna shi kaɗai a ƙaramin tebur yana cin gato da ɗan cokali. Yana ɗiba, ya lumshe ido, ya dubi titi, ya sake ɗiba. Ba ya sauri, ba ya jin kunyar kowa. Na kalle shi har Ladi ta zungure ni.

Mai shagon 'yar Kwatano ce, gajeriya mai furfura, kowa Tanti yake ce mata. Ta sumbaci Ladi a kumatu biyu, ni na yi sauri na miƙa mata hannu daga nesa. Da aka buɗe mata sauran alkakina ta karya ɗaya, ta duba cikinsa a haske kafin ta kai baki, nan na san mai sana'a ce. Ta tauna a hankali, ta kama yatsuna masu kumburi ta jujjuya. Da gurɓatacciyar Hausarta ta ce yanzu ta gane inda yarinyar ta samo hannu, ta koyar da mutane da yawa amma ba ta taɓa ganin kamarta ba. A gabana take faɗi, a gaban yarinyar, da ƙarfi. Na rasa inda zan sa idona, na sa shi a kan takalmin Tanti.

Ta ja mu ɗakin aiki mu gani. Mu da wuta muke aiki, su da sanyi. 'Yar Ladi na tsaye da farar riga a kan hijabinta, ta shimfiɗa ƙullu a kan dutse mai sanyi, ta sa man shanu a tsakiya ta ninke, ta murza, ta sake ninkewa, ta mayar firiji ya huta. Wai haka za ta yi ta yi har ƙullu ɗaya ya zama falle-falle ba iyaka. Ba wannan ne ya tsayar da ni ba. In ta zo gefen ƙullun sai ta danne shi da cikin babban yatsa ta ɗan murɗa, kuma duk duniya mutum ɗaya na sani mai yin haka, mahaifiyata, wadda ta rasu yarinyar ba ta yi wayo ba.

Aka zaunar da mu a tebur, 'Yar Ladi ta kawo tire da kanta. Abu huɗu ne. Ta ajiye ta koma gefe ta tsaya, hannuwanta a baya. Ladi ta kai hari nan take, tana ci tana salati tana kiran sunan yarinyar. Ni kuma ga 'yar fari tsaye a kaina, sai na ɗauki ɗan cokali na riƙa gutsurar gefe-gefe kamar mai azumin da ke ɗanɗana miya.

Na farko mai lanƙwasa ne kamar jinjirin wata, kuruwasan. Ɓawonsa ya farfashe a leɓena, cikinsa kuma iska ce da man shanu, kafin in tauna ya tafi. Na biyu shi ne mai falle-fallen nan, da farin kirim a tsakani mai sanyi. Na uku dogo ne da cakulan a bayansa, ɗacin cakulan ya fara zuwa, zaƙin ya biyo baya a hankali. Na huɗu rawaya ne yana rawa a faranti, ƙwai da madara kawai, amma da ya sauka a harshena sai na tuna kindirmon da wata Bafulatana ke kawo mana ina yarinya, na ma ji ƙarar faifanta. Shekara talatin ina ɗanɗana zaƙi don in ji ko ya yi, na manta ana cin sa don daɗi. Hankalina ya yi nisa, fitilun akwatin suka yi mini dishi-dishi.

Ladi ce ta dawo da ni. Ta ce, "Yaya, me kika ce?"

Na goge bakina na ce, "Ba laifi. Sukarin bai yi yawa ba."

'Yar Ladi ta ce to, ta ɗauke tiren da ragowar da na bari, ta shige ciki. Bayan wuyanta kawai na gani, kuma na san na yi ɓarna.

Kwana uku na yi a garin. Kullum Ladi sai ta tambaye ni ko ta isar da saƙon kaskon alkaki, in ce ta bari tukuna. Na kasa cewa e, na kasa cewa a'a. Ranar ƙarshe ta gaji ta ce ita wannan karon ba ta kai saƙon kowa, ko mai daɗi ko marar daɗi, bakina ba ciwo yake ba. Ta kuma ce za ta ƙara mako guda, in koma ni kaɗai. Da safe yarinyar ta zo sallama kafin ta tafi aiki, ta durƙusa ta ce, "Yaya, ba ki ce komai ba." Na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Ta amsa wa ƙasa da amin.

A hanyar tasha na sa mai adaidaita ya tsaya a shagon. Na leƙa na ga ba ta waje, na shiga na ce wa matar da ke sayarwa ta cika mini kwali da irin huɗun nan, kuma kada ta kira kowa. So nake in kai gida, in rufe ɗakina in ci yadda nake so ba mai kallon fuskata, sauran in riƙa ɗan raba muku cikin mako. Matar ta ce, "Hajiya, wanga ba shi kwana. In ba a sanyi ba, ko azahar ba shi kaiwa." Na ce mata tun ba a haife ta ba nake kayan zaƙi, nakiyar da na yi ta auren ƙanwata sai da ta ga wata shekara. Na naɗe kwalin a zane na ɗaure tamau don kada iska ta shiga, kamar yadda ake yi wa alkaki, na sa shi a ƙasan jaka na danne da kayan sawa. A mota kuma na sa jakar ƙarƙashin ƙafata, daidai inda zafin inji ke tasowa.

Mun tarar da layi a boda, muka yi ta zama a cikin mota har rana ta take tsaka. Da muka samu shigowa ɓangaren Jibiya, wata jami'a ta ce in buɗe jaka. Na ɗaga kaya na ji zanen ya jiƙe. Kwalin ya lotse, abubuwa huɗun nan sun zama ɗaya, cakulan da kirim da rawaya sun cakuɗe, falle-fallen na iyo a ciki. Jami'ar ta ce ayya Mama, ta taya ni ɗaga shi da hannu biyu. Na kai shi rumfar wata mai fura na zauna a benci, na tasa shi a gaba, hawaye na neman kunyata ni a kan kwali.

Wata 'yar kasuwa daga Ɗan Isa da muka zo mota ɗaya ta biyo ni. Ta leƙa kwalin ta ce ba kuka za a yi ba, ci za a yi, yanzu-yanzu. Ba cokali, muka wanke hannu da ruwan mai fura muka sa yatsu, ni da ita da mai furar, jami'ar ma da ta zo wucewa ta lakata. Ya yi ɗumi, ya ɓaci, ba kyan gani, amma daɗin na nan bai je ko'ina ba. Ba wanda ya san ni a rumfar nan, don haka na ci kamar yarinya, har gwiwar hannu.

Mai fura ta tambayi wa ya yi. Na ji bakina ya ce 'yata ce. Daga nan kuma na kasa tsayawa. Na ba su labarin alkakin da ta nannaɗe tana shekara goma sha biyu, da yadda take murɗa yatsa, da abin da Tanti ta ce, da shagon da za a ba ta guda. 'Yar kasuwar ta side yatsanta ta dube ni.

"Kin hwaɗa mata?"

Na girgiza kai.

"To mu da kike hwaɗa ma, mi za mu yi da shi, Hajiya?"

Ranar sadakar ukun mahaifiyata wata maƙwabciya ta gaya mini cewa duk gidan da tsohuwar ta shiga sai ta ce alkakin 'yarta ya fi nata. Ni ban taɓa ji daga bakinta ba, ko sau ɗaya. Maƙwabciyar ta ɗauka daɗi zan ji. Ban ji daɗi ba, haushi na ji, kuma har yau bai wuce ba. A bencin nan tsoro ya kama ni sosai. Komai nawa na ajiya ne, na saba in yi abu in rufe in ce zai jira, ga shi ina shirin barin yarinyar nan ta ji nata a bakin maƙwabta.

Na goge hannu a zanen na ciro waya. Ita ke kirana duk Juma'a ta gaishe ni a minti biyu, ni ban taɓa kiranta ba. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Yaya, lafiya? Wani abu ya faru a hanya?"

Na ce mata na sayi gatonta a ɓoye, ya narke a boda, mun cinye da hannu ni da wasu mata. Sannan na ce, "Ya yi daɗi. Ban taɓa cin abin da ya kai shi ba. Ki karɓi shagon, Allah ya yi miki albarka."

Ina faɗi ina sane da cewa alkakin gidanmu ya ƙare a kaina, kuma ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Can ɓangarenta ƙarar injin kwaɓa ƙullu kawai nake ji. Na ɗauka layin ya yanke. Sai na ji ta ja hanci, ta yi magana da wata ƙaramar murya da rabona da ji tun tana 'yar mitsitsiya.

"Yaya, wanne ya fi?"

Na ce mai falle-fallen. Ta ce me ya sa. Na fara gaya mata. Na gama ta ce to mai cakulan fa. Direba ya yi oda, ya sake yi, ya aiko 'yar kasuwar ta ce kowa ya shiga saura ni. Na ɗaga masa hannu ya tafi, wata motar za ta zo. Ya sa wani a kujerata suka wuce Katsina, ni kuwa ina zaune a rumfar mai fura da waya a kunne, ko bayanin gato na uku ba mu gama ba.